Yadda muke ƙare shekara a zangon Kumasi

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya same ni lafiya a wannan Disamba ta 2025. Ka gaida mahaifinka da iyayenka mata, ka ce musu muna nan cikin alheri, sai dai hazon da ya fara sauko mana daga wajenku. Ka jero mini tambayoyi ba ko numfashi: me muke yi a Disamba a Ghana, ƙasar da Kirsimeti ke tsayar da komai, me ya hana mu ɗauki hutun mu zo gida, sannan yaya aka yi mutanen zango, wato unguwannin da Hausawa da sauran baƙi Musulmi suka zauna, suka ga Musulmi ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2024 amma da yawansu suka ba Kirista ƙuri'a. Ta ƙarshen nan na ji ɗan zafi a cikinta, kuma ban ga laifinka ba. Na zaɓi in amsa maka a fili saboda duk baƙon da ya zo mana daga Kano ko Zariya ko Maraɗi, kafin ya gama shan ruwa sai ya yi ɗaya daga cikinsu.

Maganar zuwa gida ita ce tushe, da ita zan fara. Kakana, wan kakan mahaifinka ke nan, ya bar Kano ne a sahun fataken goro. Hanyar Gwanja daɗaɗɗiya ce. Ayari ya fito da kanwa da fatu da tufafin rini, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanne Mango da Yendi, ya sauka Salaga inda Tonawa, wato mutanen Asante, ke turo goro daga kurmi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, kuma bayan Turawa sun karya ƙarfin Asante a yaƙin 1900 sai zangon Kumasi ya tumbatsa da baƙi. Shi kansa Alhassan Ɗantata da kuke alfahari da shi ya taka wannan ƙasa, mahaifiyarsa ta yi zama a Akra, kuma goron nan na cikin abin da ya ɗaga shi. Shi ya koma Kano, namu suka yi zamansu. Suka auri Dagombawa da Wangarawa da 'ya'yan Tonawa, suka haifi waɗanda ake kira 'yan ƙasa. An haifi mahaifina a nan, an haife ni a nan, kaburburan iyayena suna maƙabartar Tafo. Saboda haka in ka ce in zo gida, ni dai a gida nake zaune. Kano asali ce, muna tinƙaho da ita, muna zumunci da ita, amma ba ni da ɗaki a can kuma ban san kwanar unguwarku ba sai an nuna mini.

Ban ce abin ba ya da ƙaiƙayi ba. A Ghana kusan kowace takardar hukuma tana da layin da za ka rubuta garinku na asali. Batone, wato mutumin Asante, ba ya ko tunani, sunan ƙauyen uwarsa zai rubuta. Ɗan zango kuwa in ya rubuta Kumasi, sau da yawa sai a ɗago a dubi sunansa, a sake tambayarsa: a'a, ainihin garinku fa? Disamba ita ke fito da wannan a fili, domin wata ne da kowa ke tafiya garinsu. Kwahu su hau dutsensu, Ewe su nufi Volta, Fante su gangara bakin teku. Mu kuma garinmu unguwa ce a cikin garin wasu.

Ga kuma hanyar kanta. Daga nan zuwa Akra kusan kilomita 250 ne. Daga Akra ka nufi Aflao ka shiga Togo, ka wuce Lome, ka tsaya a Hilakonji ka shiga Benin, ka ratsa Kwatano, ka tsaya a Seme, sannan Legas. Iyaka uku ke nan cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 500 ba, kuma kowace da shingayenta da masu miƙo hannu, duk da yarjejeniyar ECOWAS da ta ce ɗan yankin ya wuce ba biza. Daga Legas kuma ka san abin da ya rage zuwa Kano, kusan kilomita 1,000. Masu bi ta arewa a da, ta Malanbil su haye gada zuwa Gaya, su ma tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 hanyar ta cukurkuɗe musu. Magidanci da mata da yara ba ya yin wannan don hutun mako guda. Muna zuwa in an yi rasuwa, ko auren da ba a iya ƙin zuwa, ko in yaro zai je karatu.

To me muke yi? Kafin 25 ga wata, aiki muke yi, aikin da ba mu samun irinsa sai gab da Babbar Sallah. Kirsimeti ba idinmu ba ne, amma kasuwarmu ce. Shanu da tumaki da ke saukowa daga arewa da Burkina, hannun mutanenmu suke bi. Mahauta yawancinsu 'yan zango ne. Albasar Galmi da ta Agadas Zabarmawa da Hausawa ke kawo ta. Teloli ba sa barci, masu tsire ba sa tashi daga bakin wuta, masu canji suna ta ƙirga dala da fam na waɗanda suka dawo hutu. In ka shiga kasuwar Kejetia a makon nan, ƙafarka ba ta taɓa ƙasa yadda kake so, jama'a ce ke tafiya da kai. Wanda ya rufe shago a wannan lokacin don ya je ziyara, kuɗin makarantar yara na Janairu ya zubar.

Sai an wuce 26 ga wata, wanda shi ma ranar hutu ce, sannan tafiye-tafiyenmu ke farawa, kuma daga zango zuwa zango muke yi. Kusan kowane gari a ƙasar nan yana da zangonsa: Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina a Akra, Ashaiman kusa da Tema, sai na Koforidua, Sekondi, Obuasi, Techiman, Wenchi, Ejura, Atebubu, har Prang da mutanenta suka shahara da zikiri. Dangi sun warwatsu a cikinsu ta hanyar aure da kasuwa, kuma zumunta a ƙafa take. Ɗan zango in ya sauka wani zango ba ya neman otal. Ya je masallaci, ko ƙofar sarkin zango, ya faɗi gidan da ya fito, za a sami wanda ya san kakansa. Wannan al'ada ta maigida da baƙonsa gadon fatake ce, kuma ba ta mutu ba, ko da yake ɗakuna sun yi ƙunci, wani lokacin sai dai a shimfiɗa maka tabarma a ɗakin samari.

Dalilin tafiyar kusan kullum aure ne, ko walimar saukar Alƙur'ani, ko addu'ar wani dattijo da ya rasu cikin shekara. Ana tara su a ƙarshen Disamba ne don makarantu a rufe suke, ma'aikata sun sami sarari, sannan 'yan boga sun dawo. Boga shi ne wanda ke zaune Turai ko Amurka. Muna da su da yawa a Jamus da Italiya da Ingila, da unguwar Bronx ta New York inda har ƙungiya da masallaci suke da su mai suna Yankasa. Su ne ke ɗaukar nauyin rabin bukukuwan nan, su ne kuma ke ɓata mana farashi, domin mai kayan lefe in ya ji ango daga waje yake, lissafi ya canza. Tun da gwamnati ta yi shekarar komowar baƙaƙen fata a 2019, Disamba a Akra ta zama wani abu dabam, kiɗe-kiɗe dare da rana, masauki ya yi tsada, kuɗin jirgi ya ninka. Wannan shagalin bai cika shigowa zango ba, amma tsadarsa tana shigowa. Bana kuma an ƙara cunkusa aurarraki saboda azumin 2026 zai kama a tsakiyar Fabrairu, kowa na son amarya ta tare kafin nan. Nan da 2030 azumin zai riski ƙarshen Disamba, mu ga yadda 'yan boga za su yi da shinkafar biki.

Hanya a wannan mako sai addu'a. Manyan motocin VIP da STC suna cika tun asuba, tashar Circle a Akra ba masaka tsinke, ƙananan motocin haya da muke kira trotro kuwa su ƙara kuɗi ba kunya. Titin Kumasi zuwa Akra, ta Konongo da Nkawkaw da Suhum da Nsawam, an daɗe ana aikin faɗaɗa shi, gwamnati ta zo ta wuce yana nan rabi da rabi, tafiyar da ya kamata ta ci awa huɗu sai ta cinye yini. Ni na fi son hanyar arewa. Kana wuce Techiman kurmi zai fara sakin jiki, a Kintampo iska ta canza, ka haye gadar Buipe da ta Yapei, leɓe ya fara tsagewa, ka ga kuka da kaɗanya da rumbuna, kafin ka shiga Tamale ka ji kamar kana tsakanin Zariya da Funtuwa. Yaran da aka haifa a Kumasi a nan suke fara sanin irin ƙasar da kakanninsu suka baro. Sai dai ba na yarda a bi ta da dare. A Maris na 2019 manyan motoci biyu suka yi taho-mu-gama a yankin Kintampo, mutum fiye da 50 suka rasu, kuma hazo da gudu da barcin direba ba su daina ba.

Game da zama da Kiristoci, abin da za ka fara riƙewa shi ne mu ne marasa rinjaye. Ƙidayar 2021 ta ce mutanen Ghana miliyan 30.8 ne, Kiristoci kashi 71.3 cikin ɗari, Musulmi kashi 19.9. Gidan haya ɗaya za ka tarar da Bahaushe da Bafrafre mai zuwa coci da Batone, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Ranar Kirsimeti maƙwabciya za ta aiko da shinkafa da kaza da lemo, kuma tun jiya ta kawo kazar wani ɗanmu ya yanka mata, don ta san in ba haka ba ba za mu ci ba. Ranar layya mu ma mu aika da cinya. Ba ma zuwa coci, ba sa zuwa idi, amma ana yi wa juna barka. Akwai malamanmu, musamman waɗanda suka yi karatu a Saudiyya, da ke ganin ko barkar bai kamata ba, kuma ana ta muhawara a kai a rediyo duk shekara. Sai dai Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Akra ranar Ista ta 2019, lokacin cikarsa shekara 100, ya zauna a gaisa. Na san a Kano wannan hoton ya ɗaga gira. A nan yawancinmu mun fahimce shi: dattijo ne da ya san mabiyansa a tsakiyar wa suke kwana.

Kada ka ɗauka komai zuma ne. A azumin 2021 makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma yin azumi, ƙasa ta ɗauki zafi, kuma maganar 'yancin ɗalibai Musulmi a makarantun mishan ta kai har Kotun Ƙoli. Manyan makarantun ƙasar nan da yawa na coci ne, gwamnati ke biyan malamansu, 'ya'yanmu kuma can suke son shiga. Wannan ciwon yana nan. A ɗaya gefen kuma, ranakun Sallah biyu hutun ƙasa ne tun zamanin Shugaba Jerry Rawlings, a 2025 ma an ƙara mana kwana ɗaya bayan Ƙaramar Sallah.

Daren 31 ga wata na coci ne. Tun magariba ake ɗaura farare, a kwana ana waƙa da kiɗa har a tsallaka sabuwar shekara. Wasu fastoci sun mai da daren na duba, su ce wane zai mutu, wane zai faɗi zaɓe, har a ƙarshen 2021 'yan sanda suka fitar da gargaɗi cewa duk wanda ya yi hasashen da zai firgita jama'a zai gamu da doka. A zango wasu masallatai sukan shirya wa'azi ko karatun Alƙur'ani a daren, ba don shekarar tamu ce ba, sai don a riƙe samari kada su bi gari. Wasu malaman su ce wannan ma kwaikwayo ne. Ni dai ina ganin yaron da ke zaune gaban malami ƙarfe goma sha biyun dare ya fi wanda ke kan babur ba fitila.

Hira kuwa ita ce ainihin hutun namu. Samari suna da wuraren zamansu da suke kira bes, irin majalisarku, kowace da sunanta da tukunyar atayarta. Mu da gemu ya yi fari muna da bencinmu a gefen masallaci bayan la'asar. A kwanakin nan bencin ba ya isa, domin abokan makarantar allo da suka watse duniya sun dawo. A aika yaro ya sayo wake da shinkafa mai jan ganye da yajin shito, wanda duk Ghana ke ci yanzu, ko a jira tuwon zafi daga cikin gida da miyar ayoyo. Da safe koko da ƙosai. Hausar da za ka ji a wurin za ta ba ka dariya, don ba mu damu da bambanta mace da namiji a magana ba, kuma Twi da Turanci suna shigowa ba sallama. Wannan da nake rubuta maka ta rediyo ce da ta littafi. Bana abin tsokana ya samu: an fara gasar Afirka a Maroko ranar 21 ga Disamba 2025 ba Ghana, karo na farko tun 2004, har Nijar ta gama a samanmu a rukuni. Amma mun sami gurbin Kofin Duniya na 2026 da ƙwallon Mohammed Kudus, ɗan Nima, ku kuma Kwango ta fitar da ku a bugun fenariti. Ka faɗa wa mahaifinka ban manta da saƙon da ya turo mini bara ba.

Daga ƙwallo hira ba ta da wurin zuwa sai siyasa, domin a Ghana Disamba watan siyasa ne. Tun 1996 ranar 7 ga Disamba ake zaɓe duk shekara huɗu, a rantsar da shugaba 7 ga Janairu. Ga kuma abin da dattawa ba sa mantawa: Rawlings ya kifar da gwamnatin Hilla Limann ne ranar 31 ga Disamba 1981. Yanzu bari in zo kan tambayarka mai zafi.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Wa'adin ya cika a farkon Disamba. Wa ke da takarda a lokacin? Mutumin da kakansa ya zo da jaki kafin a zana iyaka, wace takarda zai nuna? Dubun dubatar mutane suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, aka raba mata da miji, wasu da aka kora ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. Ba gidan zango da ba shi da labarin wannan shekara. Ku ma kun rama a 1983 lokacin Shagari, kuka koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, har jakar nan mai zane ta samo sunanta, saboda haka ba wanda zai yi wa wani gori. Abin da nake so ka gane shi ne jam'iyyar NPP daga zuriyar siyasar Danquah da Busia ta fito, kuma ita kanta tana alfahari da haka. Shi ya sa tun 1992 zango ya karkata ga NDC ta Rawlings. Kumasi cibiyar NPP ce, amma mazaɓarmu ta Asawase, inda unguwannin Aboabo da Sawaba suke, Muntaka Mubarak na NDC ke riƙe da ita tun 2005, a 2025 kuma ya zama ministan cikin gida.

NPP ba ta zauna ba. Ta kafa reshen Nasara don zango. Shugaba Kufuor ya ɗauki Aliu Mahama mataimaki, ya zama Musulmi na farko a kujerar daga 2001 zuwa 2009. Shugaba Akufo-Addo ya ɗauki Mahamudu Bawumia, ya kafa asusun raya zango a 2017, har da ma'aikata sukutum, aka yi filayen ƙwallo masu ciyawar roba da ajujuwa da fitilun titi. Karatun sakandare kyauta da ya fara a shekarar ya shigar da yaranmu da yawa makarantar da iyayensu ba za su iya biya ba, wannan ko maƙiyinsa ya san haka. Sannan a 2024 suka tsayar da Bawumia, Bamamprushe daga Walewale, Musulmi na farko da babbar jam'iyya ta ba tuta. A bencinmu akwai waɗanda suka bi shi da zuciya ɗaya, suka ce damar da ba a taɓa samu ba ce, kuma in ta wuce sai yaushe. Har yau akwai abokina da ke cewa mun ci amanar kanmu.

Amma ka duba abin da mutane ke ɗauke da shi zuwa rumfar zaɓe. Bawumia masanin tattalin arziki ne, kuma da wannan ya yi suna yana adawa, yana cewa darajar kuɗi ita ke tona asirin gwamnati. NPP ta karɓi mulki dala tana wajen sidi 4 a kuɗin Ghana, kafin zaɓen 2024 ta haura 15. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Ƙasa ta kasa biyan bashi, aka taɓa kuɗin waɗanda suka ba gwamnati rance har da tsofaffin ma'aikata, aka koma wurin IMF, ta amince da rancen dala biliyan 3 a 2023. Aka sa haraji kan tura kuɗi ta waya, wanda ya fi cizon mai ƙaramin ciniki. Mutanen zango 'yan kasuwa ne, kayansu daga waje suke zuwa, faɗuwar sidi a aljihunsu take sauka kai tsaye. Mai koko da ta ga buhun gero ya ninka ba ta bukatar a karanta mata jarida. Shi kuwa John Mahama, ɗan takarar NDC, Kirista ne, amma Bagwanje ne daga Bole, danginsa cike da Musulmi, kuma yana jin Hausa, in ya shigo zango ba ya neman tafinta. Ya ci da kashi 56 da ɗoriya, Bawumia ya sami 41 da ɗoriya.

Akwai kuma lissafin da marasa rinjaye ke yi wanda ku ba ku saba da shi ba. Ku a 2023 an tsayar da Musulmi biyu a tikiti ɗaya kuma suka ci. Mu in muka ce addini za a bi, mun faɗi tun kafin a ƙirga, domin ɗaya bisa biyar ba ta cin huɗu. Kakanninmu sun gwada. A 1954 an yi jam'iyyar Musulmi, MAP, mai ƙarfi a zangon Kumasi da na Akra, ta yi adawa da Nkrumah, a 1957 aka yi dokar hana jam'iyyun addini da ƙabila, aka kori wasu jagororinta daga ƙasar. Kundin tsarin mulkin 1992 ma ya hana irin wannan jam'iyya. Abin da zai kai Musulmi fadar shugaban ƙasa a nan shi ne Kiristoci su zaɓe shi don aikinsa, kuma ba za su yi ba in suka ga mu don sallarsa muke binsa. Bawumia kansa ya san haka, shi ya sa ya yi ta shiga coci-coci lokacin kamfe. Kuma abin da ya yi da safiyar 8 ga Disamba, da ya fito ya amince ya faɗi tun hukumar zaɓe ba ta sanar ba, irin wayar da Jonathan ya yi wa Buhari a 2015, ya ƙara masa daraja a idon waɗanda ba su zaɓe shi ba, har da ni.

Hirar bana ta fi ta bara sanyi. A 2025 sidi ta farfaɗo, dala ta sauko wajen 11, an soke harajin tura kuɗi, amma matan gida suna cewa ba su ga saukin a kwandon cefane yadda ake faɗa a rediyo ba. 'Yan boga kuma suna ƙorafi dalarsu ta rage auki, mu ko a jikinmu. Haƙar zinare ta ɓarauniyar hanya, galamsey, ta mai da kogin Pra da Offin ruwan kunu, kuma kowace jam'iyya tana da nata a cikin ramin. A hanyar zuwa taro kan wannan matsala ne a Obuasi jirgin soja ya faɗi ranar 6 ga Agusta 2025, mutum takwas suka rasu, cikinsu har da ministan tsaro Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed na Tamale, Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu. Rikicin Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi bai kwanta ba, har sai da aka sa Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na biyu, shiga tsakani. Ga Burkina a saman kanmu, ita da Mali da Nijar sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma daga can tumatir da albasa da dabbobinmu ke zuwa. Ranar 7 ga Disamba 2025 ma sojoji suka gwada kifar da gwamnati a Kwatano, sai da jiragenku suka shiga. Samari a bes suna ta yaba Ibrahim Traore, shugaban mulkin sojan Burkina, a waya. Mu da muka ga mulkin soja da idonmu, muka ga an yi wa mata 'yan kasuwa bulala a kan farashi a 1979, ba ma tafa musu.

Abin da ni ke damuna ba wanda ya ci ba ne. Jam'iyyar da ta tabbata ƙuri'arka tata ce ba ta wahalar da kanta a kanka, wadda ta fid da rai kuma sai ta kawo shinkafa da sukari da azumi ta ɗauki hoto. Shekara fiye da talatin ana zaɓe, har yau in an yi ruwa kwatar Aboabo sai ta shiga ɗakunan mutane. In ana neman ƙarti masu tsare akwati ko tarwatsa taro, zango ake zuwa ɗauka, ko da an yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a 2019. In ana rabon muƙaman da ake zama a ofis kuwa, sai a ce ba mu da takardu. Rabin wannan laifinmu ne, don mun daɗe muna ganin boko abin wasu ne. Yanzu 'yan matanmu ma suna jami'a, kuma su nake jira su fara yi wa 'yan takara tambayar da mu muka kasa. Mahama ba zai sake tsayawa a 2028 ba, wa'adinsa biyu za su cika. NPP ta sa ranar 31 ga Janairu 2026 don fid da ɗan takararta, Bawumia na ciki, Kennedy Agyapong na ciki, kuma bencinmu ya riga ya rabu biyu a kai.

In kana son ganin abin da idonka, ka shirya baɗi ka zo bayan 26 ga Disamba, kafin nan ba mai lokacinka. Ka riƙo fasfo ɗinka na ECOWAS da katin allurar shawara, don za a tambaye ka shi a iyaka. Ka canza kuɗinka zuwa sefa tun a Seme, sidi kuma sai ka iso Aflao. Kada ka yarda dare ya yi maka tsakanin Legas da Badagiri. Ka taho mana da kilishi da yajin ƙuli, na nan ba ya kama ƙafar naku, sannan gwaggonka ta ce in ka zo ba turaren wuta kada ka yi mata sallama.